Tuwon Mushe Dogo

Da hannun dama Mushe Dogo ke cin tuwo, ya murza loma, ya lotsa ta da babban yatsa, sannan ya ɗebo miya. Daso ta lura da haka tun ranar da ta fara yi masa girki, ta ce a ranta wannan Bature akwai saurin kwaikwayo, ta ci gaba da wanke-wankenta.

Shekarar da aka fita daga yunwa ya sauka Magariya, cikin samarin nan 'yan sa-kai da ke zuwa daga Amirka suna koyar da Ingilishi a lakwal, wato makarantar boko. Sunansa na yanka ya gagari bakin mutanen gari, sai aka bi tsayinsa, aka haɗa da "Mushe" na Faransanci da ake kiran malaman lakwal da shi. Darakta Mamadu, shugaban lakwal ɗin, ya kawo masa kuku bayan kuku, duk ya girgiza kai. Rannan suna wucewa ta tasha wani direba ya ƙwala kira, "Daso 'yar Dungas, ƙaro miya!" Mushe Dogo ya tsaya cak, ya nuna mai tuwon, ya ce ita yake so.

Hausa kuwa babu, daga "sannu" sai "na gode", su ma a karkace. Da hannu suke magana. Da safe ya hau keke ya tafi aji, da azahar ya dawo alli ya yi masa furu-furu, ya ci tuwo, ya zauna gindin darbejiya yana gyaran aikin ɗalibai. Bazara ta zo da zafinta, sauran Turawan gari suna yawo tsakar gida ba riga, shi kuwa tasa ko maɓalli ɗaya bai taɓa ɓallewa ba. Daso ta yaba, ta ce ashe a cikinsu ma akwai masu kunya.

Da yake ba ya jin Hausa, sai ta mai da shi wurin sauke abin da ke cin ranta. Tana tsince shinkafa tana ba shi labarin da ta daina ba kowa.

Tana budurwa ta yi raino a gidan wasu Turawa masu ba da magani kusa da Dungas. Yaron a bayanta ya girma. Sabo take ce masa, shi kuma ya ce mata Inna, uwarsa na jin haushi. Yana shekara biyar zazzaɓi ya kama shi, ciki ya kumbura, allurar uban ta ƙi aiki. Daso ta yi abin da kowace uwa za ta yi a garinsu. Ta goya shi ta kai wa Tsoho wanzami, aka yi masa tsagar saifa ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, guda uku, ta ukun ta karkace saboda ya zabura. Uwar ta ga jini ta ɗora hannu a ka. Aka watso wa Daso kayanta waje, aka sa yaro a mota zuwa Kano, ba su sake dawowa ba. Wasu suka ce ya cika a hanya, wasu suka ce an gan shi a asibiti. Allah bai ba ta haihuwa ba, ta ɗauka ko alhakinsa ne.

"Ni dai in san ko ni na kashe shi, Mushe," in ji ta, tana share hawaye da bakin zane. "In yana raye, ko ban gan shi ba, wallahi ya ishe ni."

Duk sanda ta kai nan, alƙalamin Mushe Dogo kan tsaya. Wani lokaci ya tashi ya duba tayar kekensa, wadda babu abin da ya same ta. Ita kuwa sai ta ji tausayinsa, ta ce ta cika masa kunne da yaren da bai sani ba, ta ƙara masa man shanu a miya.

Haka suka ci damina biyu. Ranar tafiyarsa ta dafa masa guzuri, ta raka shi tasha. Ta daɗe tana juya maganar a bakinta kafin ta durƙusa gefen darakta.

"Mushe Mamadu, don Allah ka roƙar mini shi. In ya je garinsu ya tambaya ko akwai wanda ya san yaron da aka raina a Dungas. Ko kabarinsa ne a ce an gani."

Darakta ya juya maganar da Faransanci. Mushe Dogo ya dubi ƙasa, ya amsa a gajarce.

"Ya ce ƙasarsu tana da girma, Daso. Ba kowa ya san kowa ba."

Ta ce haka ne, ta yi godiya. Har ta ji kunyar abin da ta roƙa.

Motar Damagaram ta cika, ta fara motsi. Mushe Dogo ya taka ya hau baya, ya miƙa hannu sama ya kama ƙarfe, rigar ta zame daga wando ta ɗage. Daso ta ɗaga ido za ta yi masa addu'a, sai idonta ya sauka a jikinsa. Ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu tsaga uku ne a jere, ta ukun a karkace. Ya ga ta gani. Ya ja rigar da sauri, ya ce da Hausar Dungas wadda babu gargada a cikinta, "Inna, ki yafe mini," mota ta fice da shi. Ba murna ce ta fara zuwar mata ba, wani ɗaci ne ya cika mata baki, ta zube a ƙasan tasha. Shekara biyu tana yi wa Sabo kukan mutuwarsa a gabansa, yana jin kowace kalma, yana cin tuwonta.