Facin da Harisu Ya Liƙa

Da hantsi ɓarawon yake shigowa. Harisu ya lura da haka tun farkon damina: rana na ɗagawa sai wani ya ratso cikin babbar kwamfutar ƙungiyarsu, ya ɗan zagaya, ya fice. Ranar da hadari ya rufe gari kuwa ba ya zuwa. Ɓarawo mai gudun jiƙewa ke nan.

Kwamfutar tana wani ɗaki a bayan ofishin ƙungiyar tsaron al'umma a Ƙanƙara. Duk wanda ya hangi 'yan bindiga sun fito, daga ƙauyukan Faskari har Sabuwa, saƙo yake turowa ta waya, ita kuma ta watsa gargaɗi ga masu unguwanni. A cikinta sunayen masu kawo rahoton suke a kulle, kuma kowa ya san abin da ake yi wa mutum idan sunansa ya isa daji.

Har yanzu ɓarawon bai buɗe sunayen ba. Yakan je dab da su ya tsaya, ya juya. Harisu ya ɗauka makullin ne ya gagare shi, ya kuma tabbata wata rana zai buɗu.

Ya bi sawu har ya gano ta inda ake shiga. Ɓarakar tana can cikin kanel, wato zuciyar manhajar da duk sauran aiki ya hau kanta. Kamfanin da ya yi manhajar ya daɗe da fitar da faci, wato gyaran da zai toshe ɓarakar, sai dai ba ya kamawa sai an kashe kwamfutar an tayar, layin gargaɗi ya mutu na ɗan lokaci. Shi ya sa shugaban ƙungiya, Malam Yahuza, yake ta jan ƙafa.

"In muka kashe ta suka hito hwa?" in ji shi.

"Malam, in suka kwashi sunayen nan, gida-gida za su bi mutane."

Harisu ba ya wasa da wannan magana, kuma ba a ganin laifinsa. Yayansa Salahuddeen ne ya haɗa kwamfutar, shi ya koya masa aikin. Bara waccan aka tare shi a hanyar Sheme, aka shige daji da shi har da jakar kayan aikinsa. Ba a taɓa kira an nemi fansa ba, wanda ba a nemi fansarsa ba kuwa an san makomarsa. Aka yi masa sallar ga'ib. Mahaifiyarsu Dada ce kaɗai ta ƙi karɓar gaisuwa, mata suka yi ta cewa baƙin ciki ya taɓa ta. Tun daga nan Harisu ya tsani duk mai yi wa daji aiki, balle wanda ya yi ilimi ya sayar musu.

Akwai wata 'yar tangarɗa da yake so facin ya share masa. Wasu saƙonni kan faɗo babu lambar mai turowa: gobe bayan Sabuwa, a kwashe shanu daga rafi, kada a bi hanyar Faskari da yamma. Ba su taɓa yin ƙarya ba. Harisu ya yanke cewa manhajar ce ke haɗiye lambar wani bawan Allah, abin yana ci masa rai don shi mutum ne mai son aiki tsaf.

Malam Yahuza ya gaji ya sakar masa. Bayan azahar Harisu ya yi bisimilla, ya ɗora facin, ya kashe kwamfutar. Ɗakin ya yi tsit, Harisu yana tunanin ƙauyukan da a wannan lokaci ba su da kunne. Can fitilun kwamfutar suka kawo, komai ya tashi lafiya.

Washegari da hantsi ɓarawon ya zo ya tarar da bango. Ya buga, ya sake bugawa. Shi da ba ya daɗewa, ranar har la'asar yana gwadawa ta kowace kusurwa. Harisu na zaune yana kallo yana kurɓar shayi, daɗi ya cika shi. Kashegari ma haka. Daga nan shiru, ko da rana ta take. Saƙonni marasa lamba su ma suka ɗauke, Harisu ya ce tangarɗa ta warke.

Bayan mako biyu wata mata mai suna Hafiza, wadda aka sako daga daji, ta zo ofishin tana jan kumburarrun ƙafafu. Ta zauna a ƙasa, ta ƙi shan ruwa sai ta sauke saƙo.

"Akwai wani da suke riƙe da shi, Injiniya suke ce mashi. In rana ta hito su hau dutse da shi da farantin sola mai ba kwamfutarshi wuta, inda waya ke kamawa, wai ya buɗo masu sunaye. Kullum ya ce saura kaɗan, su kau su bar shi da rai. Ranar da ƙohwa ta ƙi buɗuwa suka ba shi kwana biyu. A gabanmu suka harbe shi."

Ta goge ido da bakin mayafi.

"Ya ce Dada ta karɓi gaisuwa yanzu. Ya ce kuma in hwaɗa ma ƙanenshi Harisu, facin ya kama."