Sunan Ɗan Fari

Tun hantsi ƙafar Safiyatu ta maƙale a tsagar dutsen bayan Saulawa, ga shi har la'asar ta yi sanyi. Sassaƙen tsari ta hau ɗebo wa ɗanta, don gobe hukumar En'e za ta tura shi Jos haƙar kuza.

Ta ja ƙafar har fata ta saluɓe. Ta yi ihu, iska ta kwashe. Duk faɗin dajin mutum ɗaya take hangowa ta tsakanin duwatsu: ɗan nan nata, can ƙasa, yana noman dawa.

"Kai!" Bai ɗago ba. Ai ko akuya da "kai" ake korar ta.

Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. An ce haka kunya take, ita kuwa ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ta ce bari ta ƙara haƙuri, wani zai gifta. Ba wanda ya gifta sai ungulu.

Da ta ga ya saɓa fartanya zai tafi, sai ta runtse ido, ta tattaro sauran numfashinta.

"Dalhatu! Dalhatu, ɗana!"

Ya tsaya cak, ya juyo ya dubi dutsen. Hawaye suka zubo mata.

"A'uzu billahi," in ji shi da ƙarfi. "Aljanin dutse, muryar kam ka kwaikwaya, amma ka yi kuskure. Inna ba ta faɗin sunana."

Ya ƙara sauri, ya nufi gida.