Gawar Gambo a Bakin Maɓoya

Tun shekarar da Jar Guguwa ta kwashe rabin garin Tudun Marke aka gina maɓoya a ƙarƙashin ƙasa, aka kuma kafa doka: in jiniya ta yi kuka, masu rai kaɗai ke shiga.

Inna Kubura, mai wankan gawa, tana cikin ɗaure likkafanin maƙwabciyarta Gambo sai jiniya ta yi kuka. Mazan da suka taru don salla suka watse. Ita kuwa ta ja gawar bisa amalanke, ta tura har bakin maɓoya. Sama ta riga ta rine, ko tsuntsu ba ya motsi.

"Inna, ki dubi Allah," in ji Ɗanlami mai gadi. "Ƙofar nan numfashi take ƙirgawa. Ki ajiye ta, ki shigo."

"In ajiye wa wa? Iska?" Ta gyara mayafinta. "Haka ta ɗauke uwata, ɗan nan, ko ƙashinta ba mu samu mun binne ba. Gambo kam sai an yi mata sutura."

"Za a kore ni daga aiki!"

"Ni ma nawa aikin nake yi."

Ta zauna a kan dokin ƙofa, ƙofar ta kasa rufuwa. Yashi ya fara dukan fuskoki, yara na kuka a ciki. Sai wata tsohuwa ta taso ta kama gefen likkafani, wasu suka biyo ta.

"Matsa mana, Ɗanlami," in ji Inna Kubura. "In hukuma ta tambaya, ka ba ta sunana."