Gadar da Na Juya da Yatsa Ɗaya

Ina 'yar shekara goma sha biyu aka kulle Kuala Lumpur saboda korona. A unguwar Taman Melati muke zaune, Abba yana digiri na uku a kan gadoji. Washegari zai kare aikinsa gaban malamansa ta kwamfuta, duk ya rasa sukuni.

Bayan La'asar ya kira ni falo. Ya cika babban faranti da ruwa, ya kife kofi a tsakiya, ya ɗora boris ɗin keke, sannan dogon katako.

"Zauna, Mamana. In kin gane, su ma za su gane."

Ya ce a wani tsohon birni gada ta tare wa manyan jiragen ruwa hanya. Sai aka rushe ta, aka gina wadda take zaune kan ginshiƙi ɗaya a tsakiyar kogi. In jirgi ya taho, a tsayar da ababen hawa, titin gaba ɗaya ya juya gefe.

"Titi fa, Abba? Da duk nauyinsa?"

Ya jera littattafansa masu kauri a bakin katakon, hagu da dama. "Tura da yatsa ɗaya."

Na tura. Littattafan da ko uku ba na iya ɗagawa suka juya a hankali bisa ruwan. Na ɗago na dubi Abba.

"Ba ƙarfinki ba ne," in ji shi. "Kowane gefe ne yake ɗauke da ɗan'uwansa."

Har yau ban ga irin gadar da idona ba. Amma in na tuna yadda katakon nan ya bi yatsata, sai tsigar jikina ta tashi.