Layin da Babu Bayani

Malam Maccido ya ja jan biro a kan aikin Jamilu. Wuri biyu Jamilu ya kafa lambar da ba ta canzawa, bai rubuta dalili a gefenta ba.

Kowa a ajin kwamfuta na Kaura Namoda ya san dokarsa. Duk lambar da ka ɗaure da const, kwamfuta ba za ta bari a taɓa ta ba, don haka dole ka bayyana mece ce da abin da ya hana ta motsi. Wanda bai yi ba ya faɗi.

Sai aka zo kan Kulsumu, 'yar Zurmi, wadda ta girmi duk matan da ke layin baya tun da aka raba zama da zuwan Shari'a. Manhajarta ta allurar rigakafin yara ce. Kowace lamba da bayaninta, ban da guda da ta ɗaure: shekarunMujahid = 3.

Malam ya daɗe a tsaye. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai dube ta ba, ita ma ba ta ɗago ba. Ya ba ta maki cikakke ya wuce.

"Malam, shekarun yaro ai ƙaruwa sukai," in ji Jamilu. "Kuma babu bayani. Mi ya sa ni ka kayar?"

"Zauna."

Kafin la'asar magana ta zagaye makaranta. A wannan lokaci na Shari'a, zargin malami da ɗaliba ba ƙaramin abu ba ne. Shugaban sashe ya kira Malam da Kulsumu, ya buɗe manhajar, ya gwada mayar da ukun huɗu. Kwamfuta ta ƙi.

"Ki rubuta bayanin, magana ta mutu," ya ce.

Kulsumu ta ɗora yatsu a kan madannai. Ko harafi ɗaya bai fito ba.

"Bar ta, ranka ya daɗe," in ji Malam Maccido. "Ni ban buƙatar bayani. Kafin aurena da ita ya mutu, da hannuna na sa ɗanmu Mujahid a kabari, ƙyanda ta ɗauke muna shi yana shekara uku."