Manomin da Ya Raina Jigawa

Zauna mana, Shekarau! Ka ishe ni da safa da marwa kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Tun hantsi kake ce mini gonarka ta mutu, rairayi ne zalla, za ka bar ta ka nufi inda ƙasa take baƙa. Ni kawunka ne, ba zan ɗaure maka ƙafa ba, amma sai ka ji wannan misali tukuna.

An yi wani manomi a ƙasar jigawa irin tamu. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona guda da gora cike da irin gero na gidansu. Gonar ba ta da kyan gani daga nesa, amma in ka kafta fartanya za ka ga ƙasar ta yi duhu har zurfin kamar taƙi guda, tana ƙanshi. Wannan duhun ba daga sama ya faɗo ba. Kakansa da ubansa ne suka ƙare ƙarfinsu suna jigilar taki a mangala, suna barin kara ya ruɓe a wurin, suna roƙon Fulani su kwana da shanu bayan girbi. Ga kuma gawo uku da ke zubar da ganye da damina. Shi kuwa mutumin, Allah bai yi shi da zama ba. Ya je cin kasuwa wani gari, ya ga fadama, ƙasa baƙa ƙirin, rake ya fi mutum tsawo, ya dawo gida ko tuwo ya kasa ci. Bai san kallon kitse yake wa rogo ba. Ya sare gawon nan uku ya sayar da itacen ya yi guzuri, ya kwashi iyali da goran iri, ya kama hanya.

A fadama ya yi binne kamar yadda ya saba, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko. Wata tsohuwa mai noman shinkafa ta ce masa, "Bawan Allah, nan laka ce fa, riƙe ruwa take yi. Geron nan ruɓewa zai yi." Ya ce ai shi cikin gero aka haife shi. Ruwa ya sauka ya kwanta kwana tara, iri ya ruɓe sarai. Ka ce ya tsaya ya koyi shinkafa? Ina! Ya ji labarin ƙasar tudu, sai ya ɗaure kaya. Can jar ƙasa ce mai tsakuwa, wadda rana da ruwa suka daɗe suna farfasowa daga jikin dutse, kuma ba ta da kauri. Mutanen wurin jera duwatsu suke yi a gicciye don su tare ta, shi ya ce wahalar banza ce. Ya ja kunyoyinsa daga sama har gangare, miƙe, kamar yana shimfiɗaɗɗiyar gonar ubansa. Ruwan yini ɗaya ya bi tsakanin kunyoyin ya tafi da shukar da ƙasar baki ɗaya. Daga nan ya nausa kudu, inda damina ba ta gajiya, gero ya yi ganye kamar abin kirki, zangarniya ta yi funfuna tun tana tsaye. Haka dai, yau yana nan gobe yana can, ko'ina sai ya ce ƙasar ce ba ta da albarka. Ran nan matarsa ta girgiza goran ta ce, "Malam, irin nan saura tafi biyu." A nan ne ya ce a koma gida.

Damina bakwai ke nan da fitarsa. Da ya iso, da kututturen gawo ya gane gonarsa. Babu kara, babu taki, babu inuwa, iska ta share abin da za ta iya, ruwa ya wanke sauran zuwa gangare. Abin da ya rage faƙo ne, in ya sara sungumi sai ya yi tsalle ya dawo masa. Duk da haka ya daddage ya tona ramuka, ya zuba tafi biyun nan. Tsiro ya fito, ya kai tsawon ɗan yatsa, ya ƙone. A gangarensa kuwa ga gonar maƙwabcinsa, mutumin da bai taɓa wuce kasuwar garinsu ba, gero ya rufe mutum har da hannu a sama. Maƙwabcin ya leƙo ya ce, "Sannu da dawowa. Ƙasarka ta daɗe da gangarowa wurina, kuma wallahi ba ni na kira ta ba." Mutumin nan ya zauna a kan kututture, ya kifa goran, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo ba. Babba da gemunsa, ya fashe da kuka.

To ka ji, Shekarau. Abin da uba da kaka suka yi shekara sittin suna tarawa, damina bakwai ta ishe shi tafiya, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ji mai gona yana zagin gonarsa. Ga hanya nan, ban hana ka ba. Amma kafin ka ɗaura kaya, ɗauki fartanya ka je ka kafta, ka ga duhun da ubanka ya bar maka. Ba banza Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.