Dutsen Iyakar Gonarmu

Ina ɗan firamare, wata la'asar muka tarar maƙwabcinmu a Dabai ya sake turo dutsen iyaka, ya cinye mana kunyoyin dawa biyu. Baba ya ce, "A bar masa, a zauna lafiya."

Kakana, tsohon soja, ya zauna a kan dutsen yana murza gwiwa da man zafi. Har yau ina jin warin man nan.

Ya ce, "Haka Turawa suka lallaɓa mai mulkin Jamus, yau su bar masa wannan ƙasa, gobe waccan. Bai ƙoshi ba. Ƙarshenta mu aka loda a jirgi zuwa yaƙi."

Yanzu ni ke jelen kotu kan gonar, na kuwa gaji.